Yadda Ake Gane Ingantaccen Ƙagaggen Labari Kan Yaƙin Teku na Zamani

Malam, ka ce ka daɗe kana karanta ƙagaggun labaran da suka shafi jiragen ruwan yaƙi na zamani da rayuwar sojojin da ke cikinsu, amma ba ka da ma'aunin da za ka bambanta marubucin da ya san teku da wanda ya haddace sunayen makamai kawai, kuma kana son a nuna maka inda mai neman ingantattu ya kamata ya fara. Na yi shekaru ina nazarin tarihin yaƙin teku tare da karanta irin waɗannan littattafai, kuma ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Ina duba ko mutanen da ke cikin labarin suna yanke hukunci ne a gajiye, cikin ƙurarren lokaci, da ilimin da bai cika ba. Idan haka ne, marubucin ya fahimci al'amarin, ko da ya yi kuskure a sunan wata na'ura. Idan kuwa kyaftin ɗin labarin yana ganin komai sarai, yana da isasshen barci, kuma duk maɓallin da ya danna yana aiki, to an rubuta maka tallar makamai ne da sunan labari.

Wannan fanni yana da tushe biyu, kuma sanin su zai sauƙaƙa maka zaɓi. Na farko shi ne na mutanen da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a teku, suka dawo suka rubuta abin da suka gani. Nicholas Monsarrat, wanda ya yi aiki a ƙananan jiragen rakiya na Birtaniya a Tekun Atalantika, ya fitar da The Cruel Sea a 1951. A shekarar ce kuma Herman Wouk na Amurka ya fitar da The Caine Mutiny, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1952. Edward Beach, wanda daga baya ya jagoranci jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Triton ya zagaye duniya a nitse a 1960, ya rubuta Run Silent, Run Deep a 1955, sannan Lothar-Günther Buchheim na Jamus, wanda ya bi wani jirgin ƙarƙashin ruwa a matsayin ɗan jaridar yaƙi a 1941, ya fitar da Das Boot a 1973. Waɗannan marubuta sun fi damuwa da mutum: tsoronsa, gajiyarsa, da nauyin da ke kan wanda aka ɗora wa shugabanci.

Tushe na biyu ya fara ne a 1984, lokacin da maɗaba'ar Cibiyar Sojojin Ruwa da ke Annapolis a Amurka ta buga The Hunt for Red October na Tom Clancy, wani dillalin inshora da bai taɓa aikin soja ba. Ya samo tunanin labarin daga tawayen da wani jami'in siyasa na rundunar Tarayyar Sobiyat, Valery Sablin, ya jagoranta a jirgin Storozhevoy a 1975, sannan ya tattara bayanan fasaha daga littattafan da kowa zai iya saya da kuma wani wasan dabarun yaƙi da Larry Bond, tsohon hafsan sojin ruwa, ya ƙirƙira. Su biyun ne suka haɗa hannu a Red Storm Rising na 1986. Abin da Clancy ya kawo, kuma dole a yaba masa, shi ne nuna wa mai karatu cewa yaƙin zamani aikin hannaye masu yawa ne: mai sauraron sauti a ƙarƙashin ruwa, matuƙin jirgin sama, mai nazarin hotunan tauraron ɗan Adam, da ɗan siyasa a ofishinsa, duk suna riƙe da ɓangare ɗaya na al'amarin. Rauninsa, wanda masu koyi da shi suka ninka, shi ne cewa na'urorinsa kusan ba sa lalacewa, kuma mutanensa kusan ba sa rikicewa.

Domin ka gane dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan rauni da girma, sai mun dubi yadda yaƙin teku na zamani yake gudana. Tun ranar 21 ga Oktoban 1967, da ƙananan jiragen Masar suka nutsar da jirgin Isra'ila mai suna Eilat da makamai masu linzami, rundunonin duniya suka fahimci cewa abokin gaba ba ya bukatar ya zo kusa. Duniya a dunƙule take, saboda haka na'urar rada da ke saman jirgi ba ta iya ganin abin da yake tafiya daf da fuskar ruwa sai ya iso nisan da bai wuce kilomita talatin ba ko kusa da haka. Makami irin Exocet na Faransa yana tafiyar kusan mita 300 a kowace daƙiƙa. Idan ka yi lissafi, za ka ga cewa daga lokacin da aka hango shi zuwa lokacin da zai faɗa kan jirgin, abin da ake da shi bai kai minti biyu ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne za a tabbatar da cewa makami ne, a sanar da mai ikon ba da umarni, a juya jirgin, a harba abin da za a harba. Ga kuma wata matsala da take cikin zuciyar kowane kwamanda: kunna rada yana ba ka ido, amma yana kuma shaida wa abokin gaba inda kake, domin na'urorinsa suna jin siginarka daga nisan da ya fi wanda kai kake iya gani. Ranar 4 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin Birtaniya mai suna Sheffield yana aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, kuma wannan aikin ya toshe na'urar da ya kamata ta jiyo radar jiragen saman Ajantina. Makamin Exocet da jiragen suka harba ya shiga, ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, hayaƙi ya cika jirgin, mutum 20 suka mutu, jirgin kuma ya nitse bayan kwanaki ana jan sa. Babu wani makirci a nan, babu maci amana. Ƙananan abubuwa ne na yau da kullum suka haɗu a mummunan lokaci, kuma marubucin kirki daga irinsu yake gina tashin hankalin labarinsa.

Akwai abubuwa biyu da suka faru a Tekun Fasha waɗanda nake ganin duk mai son wannan fanni ya kamata ya san su, domin su ne madubin da nake riƙa wa kowane littafi. Ranar 17 ga Mayun 1987 wani jirgin saman Iraƙi ya harba Exocet guda biyu kan jirgin Amurka mai suna Stark. An ga jirgin saman yana tahowa, amma a lokacin ba a ɗauki Iraƙi a matsayin abokiyar gaba ba, saboda haka ba a shirya makaman kariya ba. Sojoji 37 suka mutu, kuma aka cire kyaftin ɗin daga muƙaminsa. Darasin da sauran kwamandoji suka ɗauka a bayyane yake: kada ka bari a riga ka. Shekara guda da 'yan makonni bayan haka, ranar 3 ga Yulin 1988, jirgin Amurka mai suna Vincennes, wanda yake ɗauke da tsarin rada da kwamfuta mafi ci gaba a zamanin, yana tsakiyar musayar wuta da ƙananan jiragen Iran, sai aka ga wani jirgin sama ya taso daga Bandar Abbas a Iran, filin da jiragen soja da na fasinja suke amfani da shi tare. Mutanen da ke ɗakin sarrafa yaƙi suka ba da rahoton cewa jirgin yana saukowa kamar mai shirin kai hari, alhali bayanan da kwamfutar Vincennes ta ajiye sun nuna cewa yana ƙara tashi sama ne a kan hanyarsa ta zuwa Dubai. Kimanin minti bakwai bayan tashinsa aka harbo shi. Jirgin fasinja ne na Iran, kuma dukkan mutum 290 da ke cikinsa sun rasu, da yara masu yawa a cikinsu.

Ina maimaita wannan labari mai ɗaci ne saboda ya nuna abin da yawancin littattafan fannin suke guje wa. Na'urar ta faɗi gaskiya, amma mutanen da ke kallonta, cikin tsoro da hayaniya da tunanin abin da ya sami Stark, sun ga abin da suke tsammanin gani. Kyaftin a jirgin zamani sau da yawa ba ya kallon teku a lokacin faɗa. Yana zaune ne a ɗaki mai duhu da sanyi a cikin jirgin, da abin sauraro a kunnensa, muryoyi da dama suna shigo masa a lokaci guda, kuma abin da yake gani alamomi ne a fuskar allo, kowace da lambarta. Ko alamar nan jirgin yaƙi ce, ko jirgin masunta, ko jirgin fasinja, wannan ita ce tambayar da take cin ran kwamanda, sannan ga ƙa'idojin da gwamnatinsa ta gindaya masa game da lokacin da aka yarda ya yi harbi. Idan ka buɗe littafi ka ga an ware shafuka ana jayayya kan mece ce wannan alamar, wani ƙaramin hafsa yana shakka yana tsoron faɗa, wani yana da tabbacin da bai dace ba, to ka riƙe littafin da kyau. Monsarrat ya riga kowa fahimtar wannan nauyi tun kafin zamanin kwamfuta, a wurin da kyaftin ɗinsa ya zaɓi jefa bama-bamai kan abin da yake zaton jirgin ƙarƙashin ruwan abokan gaba ne, alhali akwai mutanensu da suka tsira suna iyo a daidai wurin.

Jiragen ƙarƙashin ruwa sun fi kowane jirgi samun marubuta, kuma akwai dalili. A can ƙasa rada ba ta aiki, ido ba ya aiki, kunne ne kawai. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, yana lanƙwasa gwargwadon zafin ruwan da gishirinsa da zurfinsa, har akwai wani mataki inda ruwan ɗumi na sama yake haɗuwa da mai sanyi na ƙasa, wanda jirgi zai iya laɓewa a ƙarƙashinsa. Mai sauraro yana samun ɓangaren da sautin yake fitowa, amma ba ya samun nisansa kai tsaye, sai jirgin ya yi ta sauya hanya ana lissafi na tsawon lokaci kafin a kimanta inda abokin gaba yake da saurin tafiyarsa. Aika sauti domin ya dawo da amsa yana ba da nisa nan take, sai dai ya tona asirin mai aikawa. Wannan jinkiri da rashin tabbas su ne suke sa labarin ya riƙe mai karatu. Littafin da jiragensa suke tsere da juye-juye kamar jiragen sama bai san ruwa ba, domin gudu yana haifar da ƙara, ƙara kuma tana toshe kunnen mai gudun tana kuma kiran wanda yake nemansa. Ka lura kuma da abin da ya faru ranar 2 ga Mayun 1982, karo na farko da jirgin ƙarƙashin ruwa mai amfani da makamashin nukiliya ya nutsar da jirgin abokan gaba a yaƙi. Kwamandan Conqueror na Birtaniya yana da sabon makamin tofido (makamin da yake tafiya a cikin ruwa) mai linzami, amma ya zaɓi tsohon samfuri wanda asalinsa ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ya fi amincewa da shi. Jirgin General Belgrano na Ajantina ya nitse da mutum 323. Ƙwararren soja yana sanin wace na'ura ce take cika alkawari, wacce ce kuma take da kyau a takarda kawai, kuma ina so in ga wannan sani a bakin mutanen labari.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci a wurina, wato rayuwar cikin jirgi, wadda ita ce kashi mafi girma na aikin sojan ruwa ko da a lokacin yaƙi. Jirgin yaƙin Amurka samfurin Arleigh Burke tsawonsa ya kai kimanin mita 155, yana ɗauke da mutum kusan 300. Babban jirgin dakon jiragen sama samfurin Nimitz yana ɗaukar mutum kusan 5,000, kuma akwai waɗanda suke yin kwanaki a cikinsa ba su ga rana ba. Ƙananan sojoji suna kwana a gadaje masu hawa uku, kowane da ɗan labulensa, tsakanin katifa da gadon sama babu sararin da mutum zai zauna a miƙe, kuma kayansa duka suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin katifar da wata ƙaramar loka. A wasu jiragen ƙarƙashin ruwa mutum uku ne suke raba gado biyu, wanda ya sauka daga aiki ya shiga inda ɗan'uwansa ya tashi. Ruwan sha daga teku ake tace shi, don haka wanka yana da ƙa'ida, kuma idan injin tacewa ya samu matsala, injinan jirgi da kicin ne suke gaba da jikin mutum. Jirgin ƙarƙashin ruwa mai nukiliya yana samar da iskar shaƙa daga ruwa, man tafiyarsa yana kai shekaru, abin da yake dawo da shi gida shi ne ƙarewar abinci da haƙurin mutane, yawanci bayan kimanin wata uku.

Abin da yake tsara wannan rayuwa shi ne aikin gadi, wanda ba ya tsayawa dare da rana. Mutum zai tsaya gadinsa na sa'o'i, ya sauka ya tarar da aikinsa na yini yana jiransa: gyaran na'ura, kankare tsatsa da fenti, cike takardu, karatun jarrabawar cancanta, atisayen kashe gobara, sannan a tashe shi tsakar dare domin za a sha mai daga jirgin dakon kaya, jiragen biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar 'yan mitoci goma-goma a tsakaninsu. Shekaru da dama jiragen ƙarƙashin ruwan Amurka suna bin yini mai sa'a 18, shida a gadi, goma sha biyu a sauran ayyuka da barci, tsarin da ya saɓa wa halittar jikin ɗan Adam, kafin a koma yini mai sa'a 24. Wanda yake zaton wannan ƙaramin abu ne ya dubi shekarar 2017. A watan Yuni jirgin Fitzgerald na Amurka ya yi karo da jirgin dakon kwantena kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu a ɗakin kwanansu da ruwa ya cika. A watan Agusta jirgin John S. McCain, shi ma na Amurka, ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu, bayan masu tuƙi sun rikice game da wane allo ne yake riƙe da ikon sarrafa jirgin. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya da ƙarancin horo. Babu abokin gaba ko ɗaya a wurin, amma rayukan da aka rasa a haɗurran biyu sun kai adadin waɗanda harin bam na tashar Aden ya kashe a jirgin Cole na Amurka a watan Oktoban 2000, wato 17.

Ka duba kuma yadda marubuci yake nuna tsarin shugabanci. Kyaftin yana da iko da alhakin da ba a raba su da kowa, kuma wannan yana keɓe shi daga kowa, domin babu wanda zai buɗe wa zuciyarsa a cikin jirgin. Mataimakinsa ne yake tafiyar da al'amuran yau da kullum, shi ne mai tsawatarwa, shi ne kuma wanda ake ƙorafi a kansa. Tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji akwai manyan kurata da suka yi shekaru goma sha ko ashirin a aikin, su ne suka san jijiyar kowane inji, su ne kuma suke koya wa sabon hafsa aikinsa cikin ladabi alhali a takarda shi ne shugabansu. Littafin da ya manta da waɗannan mutane, ya bar kyaftin da wani jarumi guda suna yin komai, ya manta da ƙashin bayan jirgi. Ƙarfin littafin Wouk yana nan: ya ɗauki tambayar yaushe ne mataimaki yake da hujjar karɓe iko daga kyaftin da hankalinsa ya raunana, ya sa ta a tsakiyar guguwa irin wadda ta nutsar da jiragen Amurka uku a Tekun Fasifik a Disamban 1944, sannan ya kai ta kotun soja, inda ya hana mai karatu samun amsa mai sauƙi. Littattafan zamani suna da ƙarin abin da za su nuna, domin mata sun fara aiki a jiragen yaƙin Birtaniya a 1990, a na Amurka kuma a 1994, sannan saƙon intanet daga gida yana kawo wa soja matsalar iyalinsa har tsakiyar teku, inda ba shi da abin da zai iya yi a kai.

Akwai jarumtakar da nake ganin an fi tauye wa haƙƙi a wannan fanni, ita ce ta ceton jirgi bayan an buge shi. A teku babu inda za a gudu, babu kuma 'yan kwana-kwana da za a kira, saboda haka kowane soja, har mai dafa abinci da akawu, mai kashe gobara ne. Ruwan da ake zuba wa wuta shi kansa haɗari ne, domin idan ya taru a sama zai iya kifar da jirgin. Rundunar Amurka ta koyi wannan da tsada a gobarar jirgin Forrestal ta Yulin 1967, wadda ta kashe mutum 134, ciki har da ƙwararrun masu kashe gobara da fashewar farko ta hallaka, aka bar waɗanda ba su da horo suna fama. Bayan kusan shekara ashirin da ɗaya, ranar 14 ga Afrilun 1988, jirgin Samuel B. Roberts ya taka nakiya a Tekun Fasha. Fashewar ta karya ƙashin bayan jirgin, ruwa ya cika ɗakin injina, wuta ta tashi, amma sojojin suka yi sa'o'i suna fama, har suka ɗaure sassan jirgin da igiyoyin ƙarfe domin kada ya rabe biyu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma jirgin ya koma aiki bayan gyara. Abin da ya cece su shi ne atisayen da kyaftin ɗinsu ya yi ta matsa musu a kai tun kafin su isa yankin. Marubucin da zai iya sa ka ji ƙimar wannan atisaye mai gundura a babi na uku, sannan ya biya ka a babi na ashirin, shi ne gwani.

Wasu kurakurai kuwa da sauri ake gane su. Makamai ba sa ƙarewa a labarin, alhali jirgi samfurin Arleigh Burke yana da ramukan harba makamai masu linzami 90 zuwa 96 ne, kuma a al'ada sai ya koma tasha kafin a sake cika su. Sadarwa ba ta yankewa. Abokan gaba wawaye ne ko mugaye tsantsa, ba su da ƙwarewa ba su da iyali. Yanayin teku ba ya hana komai, babu mai amai, babu jirgi mai saukar ungulu da iska ta hana tashi. Sai kuma ɗabi'ar tsayar da labari a zuba shafi guda na lambobin makamai, wadda takan ɓoye cewa marubucin ba shi da abin faɗa game da mutane. Game da daidaiton fasaha kada ka tsananta, domin ainihin zurfin da jirgi yake kaiwa da ƙarfin na'urorinsa sirrin gwamnati ne, kuma tsohon hafsan da ya sani doka ta hana shi rubutawa.

Fannin yana sauyawa saboda yaƙin kansa yana sauyawa. Nitsewar jirgin Moskva na Rasha a Bahar Aswad ranar 14 ga Afrilun 2022, wanda Yukren ta ce makamanta masu linzami ne suka buge shi, Rasha kuma ta ce gobara ce, da yadda ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙa suka takura wa babbar runduna, da hare-haren da aka fara a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, inda ake harba makamin da kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya domin kakkaɓo jirgi maras matuƙi mai araha, duk sun buɗe sababbin tambayoyi. Ghost Fleet na P. W. Singer da August Cole, wanda ya fito a 2015, da 2034 na Elliot Ackerman da Admiral James Stavridis, wanda ya fito a 2021, sun yi hasashen yaƙi tsakanin Amurka da Sin inda ake makantar da na'urori ta hanyar kutse. Suna da amfani wajen fahimtar abin da masu tsara dabaru suke tsoro, sai dai a ganina gargaɗi ne suka sa a gaba, kuma ba su zauna cikin jirgi sosai ba.

Dangane da inda za ka fara, shawarata ita ce ka soma da Monsarrat da Wouk duk da cewa yaƙinsu tsoho ne, domin su ne za su saita maka kunne, ka san yadda gaskiya take sauti. Daga nan ka karanta littafin Clancy na farko da Red Storm Rising domin ka ga yadda sassan yaƙin zamani suke haɗuwa, kana sane da raunin da na ambata. Idan kuma rayuwar cikin jirgi ce ta fi jan hankalinka, kamar yadda na fahimta daga tambayarka, ka nemi David Poyer, wanda ya kammala makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1971 ya kuma yi aiki a teku. Jerin littattafansa suna bin hafsa guda, Dan Lenson, daga ƙaramin muƙami har zuwa manyan muƙamai, kuma The Circle na 1992, wanda ya sa sabon hafsa a tsohon jirgi mai matsaloli a ruwan ƙanƙara na arewa, shi ne wanda nake fara miƙa wa mai irin tambayarka. Ka haɗa karatun da rahotannin binciken Vincennes da na haɗurran 2017, waɗanda aka fitar da sassansu ga jama'a, domin a cikinsu za ka ga minti bayan minti abin da kowa ya ce da abin da ya yi, kuma da su za ka iya auna duk wani sabon littafi da ya zo hannunka.